Giɓin Kusurwar Yamma

Da la'asar sakaliya makiyayin ya gama kafa dirkar, ya danne ƙasar gindinta da diddige, ya ja waya ya ɗaure. Filin kiwon ba nasa ba ne, haya yake yi, kuma sharaɗin mai filin ɗaya ne tak: in dirkar shinge ta ruɓe, a sa sabuwa a tsohon raminta. Duk wanda ya sa dagi a sabuwar ƙasa, ya kwashe dabbobinsa ya ƙara gaba. To amma a kusurwar yamma akwai wani giɓi marar dalili, ta nan tumaki ke sulalewa, kullum shi ne da bin sawu. Shi kuwa gogan naka gani yake doka ta matsorata ce. Ya toshe giɓin da dirkar nan, ya koma gida yana jin kansa gwani.

Rana na faɗuwa dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Tumaki suka daina tuƙa, suka cure wuri ɗaya. Autarsa da ke ba su ruwa ta saki bokiti, ta nufi shinge, ta kama wayar mai ƙaya tana bi, tana zagayawa.

Haka abin ya zama kowace magariba. Tafukan hannunta suka tsattsage. Da aka kulle ta a ɗaki, sai ta koma bin bango.

"Baban Auta, me ka taɓa?" in ji matarsa.

"Ni? Ba abin da na taɓa."

Tsoro ya cika shi. Ba ya iya faɗa wa mai fili, ba shi kuma da wani filin kiwon da zai koma.

Da abin ya ci tura aka ɗauko malam. Ya daɗe yana karatu a kan yarinyar, sannan ya ce, "Fita daga jikin baiwar Allah."

"Ta ina?" Muryar tsohuwa ce ta fito daga bakin Auta, a gajiye. "Malam, mu masu wucewa ne. Ta kusurwar nan muke bi zuwa ruwa. Ina ciki aka rufe. Jikokina ne a waje suke jifa, nemana suke yi. Ƙishirwa nake ji."

"In an buɗe za ki tafi?"

"A cire dirkar. Amma ramin a bar shi a buɗe, ruwan sama ya cike shi. Kada hannu ya sake taɓa ƙasar."

Makiyayin ya matso. "Malam, roƙe ta in binne ramin. In mai fili ya gani, korarmu zai yi."

"Na faɗi nawa," in ji muryar.

Ya dubi hannayen 'yarsa. Ya fita, ya rungumi dirkar, ya jijjiga ta har ta tuge. Wata iska mai sanyi ta goge shi ta wuce, jifa ya tsaya cak. Daga ɗaki ya ji Auta da muryarta ta kullum tana cewa, "Inna, hannuna zafi."

Ranar da motar mai filin ta tsaya a kusurwar yamma, ramin na nan baki buɗe. Makiyayin bai jira a kira shi ba. Ya leƙa ɗaki, ya ga Auta tana barcinta, ya ce wa matarsa, "Fara ɗaure kaya."