Sunan da Kaka Tasalla Ba Ta Faɗa

Ku rage fitilar nan, tana kashe mini ido. Hansai, bar dariya. Ku kuka nace sai na ba ku labari, ni da na wuni a tsaye ba wanda ya ce, "Yaya Ango, ga ruwa." Haka ake yi mini a dangin nan, duk kyawun nan nawa.

Ku ba ku yi wayo da kakanmu Malam Zakari ba. Ni na ci sunansa. Kun kuwa san matan da, mace ba ta kama sunan mijinta. Shi ya sa Kaka Tasalla ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Ango. "Angona ɗan kwalisa, ba cefane sai turare." Malam kuwa da ya hango ni sai ya ɗaga sanda: "Ga ɓarawon matar mutane nan!" In ce, "Tsoho, sake ta kawai, ta gaji da kai."

Bai sake ta ba. Da bazara ya rasu. Damina ba ta fita ba Kaka ta bi shi. Ta zaɓi tsoho, ta bar ni, ko sallama babu.

Na yi zaman makoki har idanuna suka faɗa. Aka zo raba 'yan tarkacenta, wannan akuya, wancan tasoshi. Ni fa? Tsohuwar ƙwaryar fura mai ɗinki a baki. Wai ita ta ce a ba ni. Aka ce in kwana, na ƙi. Na maƙale ƙwarya a hammata, na yanki hanyar gonaki zuwa bakin titi. Ni kaɗai.

Rana ta faɗi. Gero ya fi ni tsawo, dama da hagu. Ƙafafuna sun yi nauyi, kaina kamar an ɗura masa yashi. Kwaɗi suna ta kuka. Can sai suka yi tsit. Gaba ɗayansu.

Sai na ji tari. Ɗan gajeren tarin nan nata.

Tana zaune a bakin kududdufi, lulluɓe da zanen saƙi.

"Sai yanzu?" in ji ta. "Furar har ta yi tsami."

Ku ji ni da kyau. Ban ji tsoro ba. Mantawa na yi. Ni da na zuba mata ƙasa da hannuna, wallahi na manta. Daɗi kawai na ji, irin na wanda ya iso gida. Duk da haka idona ya kai kan ƙafarta, yadda aka koya mana. Ƙafar mutum ce. Har kaushin dunduniya, har ragowar lalle.

Na ce, "Kaka, na gaji."

"Na sani. Ɗebo ruwa a ƙwaryar nan in dama maka, ka kwanta."

Na taka ruwa. Da sabon takalmina, da shaddata.

"Na bakin nan duk laka ne. Matsa gaba."

Ruwa ya kawo gwiwa.

"Gaba."

Ya kawo ƙugu. Ba sanyi. Ɗumi ne, kamar shimfiɗa. Barci ya fara ɗaukata a tsaye.

"Saura kaɗan," ta ce. Muryar yanzu ba a bayana take ba, daga tsakiyar ruwan take fitowa. "Taho, Zakari."

Hansai, na ga kin toshe baki. Kin gane.

Na tsaya. Na ce, "Wa kika kira?"

"Kai mana. Zakari."

Garau ta faɗe shi. Ba sunkuyar da kai, ba jan mayafi. Matar da in baƙo ya tambayi sunan mai gidan, sai ta nuna ni da ludayi ta ce, "Mai sunan wancan marar kunyar." Har ta tsufa, har haƙoranta suka zube, sunan nan bai fito daga bakinta ba.

Nan take na tuna kabarin. Ruwan ya koma kamar ƙanƙara. Wani abu ya shafi ƙafata a ƙasa, a hankali. Na ja a'uziyya, na juya. Laka ta riƙe takalmi, na bar mata. Ban waiwaya ba. Ana ta kirana, muryar tana kauri, tana kauri, har ta daina zama ta mace.

Na ɓulla titi ba hula, ba takalmi, laka har gemu. Direban da ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in hau baya wajen awaki. Ni! Amma ƙwaryar tana hannuna, ban san yadda aka yi ban sake ta ba. Ga ta can a rataye. Kada wanda ya taɓa mini.

Kada kuma in ji ɗayanku ya bi ta kududdufin nan shi kaɗai, balle da sabon rashi a zuciya. Abin da ke wurin ya ari tarinta, ya ari ƙafarta, ya ari muryarta. Kunyarta ce ya kasa ara.

Me kika ce, Hansai? Da a ce "Ango" ta kira ni?

Hmm. Da yanzu wani kuke wa rashin kunya, ba ni ba.

Allah ya jiƙan tsofaffin nan. Kashe fitilar, na gaji.