Mai Tsaron Bayan Kaka

"Wallahi Hajiya ba na son Sama'ila! Ko kwantena ɗari gare shi!"

Sabuwa ce ke maganar, tana share hawaye da gefen mayafi. Mahaifiyarta Hajiya Uwa ko kallonta ba ta yi ba.

"Khalas, ya isa! Shi Hafiz ɗin naki me ya ajiye ban da gyaran firji a unguwar Abu Hail? Kakanki ne zai yanke."

Kaka Sanda ya zo Dubai ganin likitan gwiwa. Matuƙin jirgin yaƙi ne tun farkon yaƙin basasa, kuma maganarsa ce ƙarshe a gidan. Dangi kowa da yawan jiragen da yake cewa Kaka ya kakkaɓo. Shi dai sai murmushi.

Sama'ila uban dabara ya kwashe su Kaka da Hajiya da Sabuwa ranar Asabar zuwa wani wurin wasa a unguwar International City, inda ake shiga akwati kamar jirgin yaƙi ana harbi a allo. Har Hafiz ya gayyata, don ya ji kunya a gaban jama'a.

"Habibi, ka taɓa yi?" Sabuwa ta tambayi Hafiz a hankali.

"Ko keke da ƙyar nake tuƙawa, sahibata..."

Innalillahi! Sabuwa ta dafe kai.

Aka ɗaure su ukun a kujeru, Sama'ila da Hafiz a gefe, Kaka a tsakiya. Ai kuwa tsoho ya koma yaro, yana juya jirgi yana ihu, "Yalla! Ku biyo ni!"

Sama'ila ya yi gaba abinsa, yana ta kakkaɓo jirage yana waigen Hajiya. Hafiz kuwa, bawan Allah, gumi sharkaf, ya liƙe a bayan Kaka kamar cingam. Duk harbin da aka auno tsoho, a jikinsa yake ƙarewa. Jirginsa ya kama wuta, bai kakkaɓo ko ɗaya ba.

Sabuwa ta rufe fuska, zuciyarta kamar ta fashe.

"Baba, ka gani ko?" Sama'ila ya fito yana washe baki. "Gadonka na yi!"

Kaka ya dogara sandarsa.

"Gadon wa? Yaro, ni ban taɓa kakkaɓo jirgi ba."

Hajiya Uwa ta saki baki.

"Aikina tsaron bayan jagorana ne, kuma duk fitar da muka yi sai da na mayar da shi wurin iyalinsa. Da wannan nake taƙama! Kai kuwa tun tashin farko ka bar ni." Ya juya ga Hafiz. "Kai me ya hana ka harbi?"

"Ranka ya daɗe, ban ma gane maɓallin ba. Na ga dai ana harbinka, na kasa matsawa."

Kaka ya ƙyalƙyale da dariya har da hawaye.

"Amaryata, zo nan!" Haka yake tsokanar jikarsa tun tana rarrafe. "Wannan matsoracin kike so?"

"Shi nake so, Kaka... sosai!"

"To Hafiz, ka ƙwace mini mata. Na sakar maka ita, a turo manya."

Sabuwa ta daka tsalle ta rungume tsohon tana kuka tana dariya. Hajiya Uwa ta harari Hafiz, amma dariyar ta ƙi ɓoyuwa.

"To surukina, firjina ya kwana biyu ba ya sanyi. Gobe da sassafe!"