Tashar da Ke Bayan Kluang

Ranar Talata da la'asar aka kira Hansatu daga Singapore, tana zaune a ɗakin karatun jami'arsu da ke titin Jalan Semarak a Kuala Lumpur. Wata mata ce mai saurin Turanci. Ta tambaye ta ko ta san Kalilu Hambali. Hansatu ta ce yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo daga Kano saro kayan waya. Matar ta ce ya yanke jiki ya faɗi a masaukinsa, an kai shi asibiti, rai ya yi halinsa tun da safe. Lambarta ce ta ƙarshe da ya kira, shi ya sa aka neme ta.

Hansatu ta ce to. Har godiya ta yi. Ta ajiye wayar, ta ci gaba da kallon shafin da take karantawa har aka zo rufe ɗakin.

Ta ga kiran nan nasa jiya Litinin. Tana gaban malamin da ke duba aikinta, sai ta kife wayar, ta ce in ta fito ta kira shi. Da ta fito ta manta.

Tafiyar a kanta ta faɗa, don ita ce ke da bizar Singapore da ta samu saboda wani taron ilimi, ba ta kuma ƙare ba. Mijinta Najib ba shi da ita. Umma ta kira daga Kano, muryarta a dashe, ta ce, "Ki je ki gan shi da idonki, Hansatu. Ki tsaya a yi masa sutura yadda ya kamata."

A wancan lokacin akwai jirgin ƙasa da ke tashi daga KL Sentral, babbar tashar Kuala Lumpur, ya wuce kai tsaye har Singapore, ba sauka ba canji. Ranar Laraba Najib ya saya mata tikitin na ƙarfe biyun rana. Ya tsallaka unguwar Brickfields ya yi mata tapau, wato ƙunshin guzuri, na shinkafa da kaza a wurin mamak, Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, ya saƙala mata ledar a hannu.

"Ki daure ki ci ko kaɗan ne. Tun jiya ba ki sa komai a bakinki ba."

"To."

"In kin isa Malam Ahmadu zai tare ki. Mutumin Katsina ne, ya daɗe a can, ya san hanyar komai."

"To."

Sai aka kira masu shiga.

Kujerarta ta gefen taga ce, ta kusa da ita kuma ba kowa. Taragon da sanyin na'ura, yana warin tsohuwar katifa da man zafi. A ɗaya ɓangaren wata tsohuwa ce 'yar Malay, da farin mayafi da carbi a hannu. Irinsu Makcik ake ce musu. Ta miƙo wa Hansatu ƙunshin soyayyiyar ayaba.

"Makan," in ji ta, wato ci.

Hansatu ta girgiza kai. Tsohuwar ta dube ta da kyau, ta mayar da ƙunshinta jaka.

Gari ya ƙare, gonakin kwakwar manja suka fara. Layi bayan layi, duk tsayi ɗaya, ƙarƙashinsu duhu ko da rana. Aka wuce garin Seremban. Aka daɗe a tashar Gemas. Hansatu ba ta yi barci ba, ba ta kuma yi tunani ba. Ta gwada tuno fuskar Kalilu, abin da ya zo mata kawai shi ne yadda yake maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa yana cin abinci. Ta jira zuciyarta ta motsa. Shiru. Ji take kamar an cika mata ƙirji da auduga.

Suna barin garin Kluang rana ta yi ja. Aka yi ɗan yayyafi ya ɗauke. Makcik ta ja labulen tagarta, ta leƙo ta ce da Hansatu cikin Turancinta na gargajiga, "Magariba ta yi, 'yata. Ja labule. Ba a kallon daji yanzu."

Ta tashi ta nufi bayan tarago yin alwala.

Hansatu ta ji maganar sarai. Hannunta ne ya yi mata nauyi.

Ƙarar na'urar sanyi ce ta fara ɗaukewa. Sai ƙarar ƙafafun jirgin ta yi ta raguwa, kacau, kacau, tsakaninsu yana ƙara nisa, har ta tsaya. Ba a yi sanarwa ba. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya gyara zama.

Ta juya. Duk mutanen taragon barci suke. Kawunansu sun karkata gefe ɗaya, hagu, har da wani jariri da ya wuni yana kuka.

Ta taga ta ga wata 'yar tasha. Dandamalin siminti ne ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagun. Fitila ɗaya, ruwan ɗorawa, a kan dogon ƙarfe. Akwai allon suna, amma ba rubutu a jikinsa.

Ƙofar tarago ta buɗe.

Wari ne ya riga su shigowa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓaɓɓen ganye, da wani abu kamar kafur. Sannan suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Ba mai ɗauke da kaya. Ba mai takalmi. Tafin ƙafarsu na manne wa daɓen jirgin yana ɓanɓarowa, caɓ, caɓ. Hansatu ba ta ɗaga kai ta ga fuskokinsu ba. Ƙafafun kawai take gani suna wucewa, dogaye, da jan taɓo har idon sawu.

Kujerar kusa da ita ta lotsa.

Sanyi ya daki kafaɗarta ta dama, irin sanyin randa.

"Sannu da hanya, Hansai."

Da Hausa aka faɗa, a hankali, muryar mace. Hansai kuwa a gidansu kaɗai ake kiranta haka. Ko Najib bai saba da sunan ba.

"Yayanki ya gaji da jira. Duba."

Ta duba.

Yana tsaye ƙarƙashin fitilar. Shuɗiyar shaddarsa ce, wadda ya ɗinka da ƙaramar salla. Ya ba ta gefe, kansa a karkace, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

Jakarta ta fara rawa a cinyarta.

Ta zaro wayar. Sunan na nan a rubuce: Yaya Kalilu.

Ta san ya mutu. Ta san wannan ba daidai ba ne, kamar yadda mutum ke sanin ranar mako, sani kawai ba tare da jin komai ba. Ta nemi tsoro a jikinta ba ta samu ba. Ta fara Ayatul Kursiyyu a zuci, ta kai tsakiya, sauran ya ɓace mata.

Ta ɗauka.

"Hansai. Yau kin ɗauka."

"Yaya."

"Na kira ki ranar nan. Ƙirjina ke ciwo. Ban san kowa a garin ba sai ke da ke kusa."

"Ina wurin malamina ne, Yaya."

"Ba komai. Sauko. Sun sa ni a wuri mai sanyi, sanyi nake ji. Zo ki tafi da ni gida."

Bakin wanda ke tsaye a dandamalin ba ya motsi. Ta lura da haka. Duk da haka ta miƙe.

Matar da ke gefenta ta janye gwiwoyinta ta ba ta hanya. Gwiwoyin ta baya suka lanƙwashe.

Hansatu ta wuce.

Jan taɓo a hanya, yana kama mata takalmi. Waɗanda suka shigo suna tsaye tsakanin kujeru, suna matsawa tana wucewa. Numfashinsu ba ɗumi.

Ta tura ƙofar farko. Ta shiga ɗan lungun da ke tsakanin taragu.

Ƙofar waje a rufe take. Ta kama mariƙin ta murɗa. Ya yi tauri. Wani hannu mai sanyi ya ɗora kan nata, suka murɗa tare.

Ƙofar ta buɗe.

Ba iska. Ba kukan tsuntsu, ba na gyare. Dandamalin na nan dab da matakala.

Yanzu na ƙarƙashin fitilar ya juyo gaba ɗaya. Ya miƙo hannu.

Fuskar tasa ce, amma kamar an saka ta a kan wani.

"Taka, Hansai."

Ta sauke ƙafar hagu.

Ba siminti ta taka ba. Abu ne mai laushi, mai sanyi. Ya rufe kan ƙafarta ya riƙe.

Ya ja.

Sai aka fizgi hijabinta ta baya da ƙarfin da ya shaƙe mata wuya.

"Allahu Akbar! Allahu Akbar!"

Ƙara ta dawo gaba ɗaya kamar an fasa dutse. Iska ta mari fuskarta. Jirgin gudu yake, gudu na gaske, ganyayen kwakwa suna wucewa fuu a cikin duhu. Rabin jikinta a waje yake. Ba tasha, ba fitila. Ƙasa can, duwatsun layin dogo ne ke sheƙawa.

Suka faɗi tare a daɓen lungun, ita da Makcik. Tsohuwar ta rarrafa ta tura ƙofar da kafaɗa har ta datse. Fuskarta da hannayenta jiƙe da ruwan alwala. Tana haki, ta kama fuskar Hansatu da tafukanta biyu, ta yi ta karanta Falaƙi da Nasi tana tofa mata.

Da ta gama ta yi ƙasa da murya.

"Kiranki aka yi?"

Hansatu ta gyaɗa kai.

"Kin amsa?"

"Na amsa."

Makcik ta rufe ido. "Kada ki ƙara. Ko da muryar wa aka zo miki."

"Jirgin bai tsaya ba?"

"Tun Kluang bai tsaya ba. Na fito daga alwala na gan ki kina tafe ido buɗe, kina magana da waya a kashe."

Ƙafar hagun Hansatu ba takalmi. Safarta ta jiƙe da jan taɓo. Cikin tarago kuwa daɓe a bushe yake tas, jaririn nan yana ta kukansa, wani yana cin gyaɗa. Ta kunna wayar ta duba jerin kira. Na ƙarshe daga Yaya Kalilu na ranar Litinin ne.

Makcik ta dawo kujerar kusa da ita, ta ja labulen da kanta, ta ciro silifas ɗin roba daga jakarta ta saka mata. Ba ta saki hannunta ba har aka buga fasfo a Johor Bahru, aka haye gadar ruwa, aka shiga tashar Woodlands ta Singapore. A nan suka rabu. Hansatu ba ta ko tambayi sunanta ba.

Washegari Malam Ahmadu ya kai ta ɗakin ajiye gawa. Aka jawo shi, aka buɗe fuskar. Shi ne. Ya yi fayau, kamar mai barcin gajiya, ba abin da ya haɗa shi da wancan na dandamali. Ta yi masa addu'a, ta sa hannu a takardu.

Wata ma'aikaciya ta kawo kayansa cikin babbar leda, bakinta a liƙe, da kwanan watan Talata a jiki. Ta yanke ta a gabansu tana fitarwa ɗaya ɗaya. Agogo. Fasfo. Waya. Shuɗiyar shadda a ninke.

Sai ta tsaya, ta duba takardar hannunta, ta sake duba cikin ledar.

Takalmin mace ne, baƙi, ƙafar hagu. Taɓon jikinsa bai bushe ba.

"Wannan ba ya cikin lissafin kayan," in ji ta. "Kin san shi?"

"A'a," in ji Hansatu. "Ku jefar."

Ranar Juma'a aka yi masa sutura a maƙabartar Musulmi ta can. Ta koma Kuala Lumpur a motar safa, da rana tsaka.

Tun daga ranar ƙafarta ta hagu ba ta jin komai daga idon sawu zuwa ƙasa. Tana takawa lafiya, amma ko allura aka soka mata ba ta sani. Likitoci biyu sun duba, sun ce jijiyoyin ƙalau suke. Najib ya samo mai ruƙiyya a unguwar Chow Kit, aka yi mata sati uku, barcinta ya daidaita, ƙafar dai tana nan yadda take.

Ta kuma daina ɗaukar waya daga kiran magariba har a idar da isha, ko wane ne. Wani lokaci sunan Umma ne ke fitowa. Sai ta zauna a kan sallaya tana kallonsa har ya katse. In an yi isha ta kira Kano, su gaisa, sannan ta tambaya kamar ba komai ba.

"Umma, ke kika kira ni ɗazu?"

Yawanci Umma takan ce e, ita ce.

Sau biyu ta ce a'a.