Ruwan Lagireto a Hanyar Sawakin

Ku rage fitilar nan, ku matso. Kun daɗe kuna tambayata abin da ya kashe matata Barira, ina ce muku zazzaɓi. Ba zazzaɓi ba ne.

Lokacin muna zaune a Bur Sudan, ina tuƙa a-kori-kura. Inna, gwaggonku, ta matsa sai na kai ta Sawakin ta ga inda mahaifinta ya hau jirgin ruwa zuwa Makka, bayan ya taka tun daga Haɗeja. Ranar wata Juma'a muka tashi. Ni, Inna, Barira, da 'yarmu Uwani, tana shekara huɗu.

Hanyar nan ba ta da inuwa. Bahar Maliya a hagu, baƙaƙen duwatsu can nesa a dama, tsakani yashi da gishiri. Don Inna ta ga ruwa sosai na bar kwalta, na bi wata tsohuwar hanya ta bakin teku. Barira tana ɓare wa Uwani dabino, tana tsokanata wai motar tawa ta girmi Inna.

Rana na tsaka inji ya ɗau zafi. Na tsaya gindin wata ƙaya, ita kaɗai ce a filin. Raina a ɓace. Na kwance lagireto ta ƙasa, tafasasshen ruwa ya kwarara cikin wani rami a gindin ƙayar.

Kun san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bismilla, don masu wurin su janye 'ya'yansu. Ni ma na sani.

Inna ta leƙo ta taga. "Ɗanlami, ka yi bismilla?"

"Na yi, Inna."

Ban yi ba. Da na faɗi gaskiya, ta san abin yi. Da ta bi wurin da ruwan sanyi, ta ba su haƙuri tun da zafinsa.

Iska ta ɗauke. Tekun yana motsi, amma ba ka jin ƙararsa.

Sai ga mace tana tahowa daga wajen ruwa, lulluɓe da baƙin zane, da goyo a ƙirji. Yashin wurin laushi gare shi, ni ƙafata nutsewa take har idon sawu. Ita ko sawu ba ta bari. Ta tsaya gabanmu. Zanen goyon yana fitar da tururi.

Ta yi sallama da Hausa, irin ta tsofaffin da. Bakinta a gabana, muryar kuwa daga bayan kunnena take fitowa.

"Wa ya zuba?"

Inna ta kama salati. Barira ta sauko, ta tura Uwani ƙarƙashin kujera, ta rufe ƙofa.

"Ɗana yana barci," in ji matar. "Ba a yi mana magana ba. Wa ya zuba?"

Hannuna yana riƙe da sufana. Takalmina a jiƙe. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma na dubi tururin nan sai harshena ya yi nauyi.

Barira ta dube ni sau ɗaya. Ta ce, "Ni ce, Baba. Kuskure ne. Ki yi haƙuri."

Matar ba ta kalle ta ba. Ni take kallo.

"Haka ne, mai mota?"

Ta ba ni lokaci. Ba za a ce ba ta ba ni ba. Na sunkuyar da kai ina kallon yashi.

"To," in ji ta.

Ta miƙa yatsa biyu ta taɓa wuyan hannun Barira, kamar mai duba zazzaɓi. Ta juya ta nufi teku. Ban ga inda ta shiga ba.

Na zuba ruwan jarka a lagireto, mota ta tashi bugu ɗaya. Mun kusa Sawakin Barira ta ce, "Baban Uwani, ƙishi nake ji."

Ta shanye abin da ya rage. A gari ta sha kwano uku. Da magariba inda aka taɓa ta ya yi bororo biyu. Likita ya duba, ya ce bai ga komai ba. Malamai suka yi rubutu, ta sha, ta ce a ƙaro, ba don rubutun ba, don ruwan.

Inna ba ta tambaye ni ba. Har ta rasu ba ta sake tambayata ko na yi bismilla a kan komai ba.

A rana ta uku, da hantsi, Barira ta kira ni. Leɓɓanta duk sun tsage. Na durƙusa zan roƙe ta gafara, ta riga ni.

"Mu ga hannunka. Ruwan bai ƙona ka ba?"

Kafin azahar, Barira ta cika.

Sau biyu ina komawa gindin ƙayar nan, ni kaɗai, da rana tsaka. Na tsaya bakin ramin na ce, "Ni ne. Ni na zuba." Na faɗa har muryata ta dushe. Ba wanda ya fito.

In Allah ya kai ɗayanku ƙasar nan, kada ya bar kwalta, kada kuma ya bi bakin tekun shi kaɗai. Uwani ba ta san wannan ba. Ni zan gaya mata da bakina, ba ku ba.