Baƙar Tsutsa a Lambun Alkasum

"Wallahi sai dai ka fesa mini a fuska!"

Kadidia ta tsaya gaban itacen dabino, hannuwa a buɗe. Nasser, mai sayar da maganin ƙwari a kasuwar Agadez, yana goye da na'urar feshi.

"Baba Alkasum, ka yi wa ɗiyarka magana," in ji shi.

"Matsa," in ji tsohon.

"Baba, ka ji ni tukuna..."

Shekara biyu ke nan wata farar cuta ta manne wa ganyen dabinon Alkasum a bakin koramar Telwa, tana tsotse shi. Issouf, ma'aikacin gona da ke neman auren Kadidia, shi ya kawo wasu ƙananan ƙwari masu ɗigon ja cikin akwati ya saki a lambun don maganin cutar. Ya ce kada a yi feshi. Sai aka tura shi aiki Fachi, inda waya ba ta cika shiga ba. Bayan sati uku, baƙar tsutsa mai ƙaya ta cika rassan.

Nasser ma yana son Kadidia. Shi ya fara kai wa Alkasum labari.

"Ga abin da surukinka ya shuka maka," ya ce. "Da cuta ɗaya ce, yanzu biyu."

Alkasum ya rantse a gaban mutane: in Issouf ne ya kashe masa dabino, ba zai ga ɗiyarsa ba.

Yanzu, a gaban dabinon, Kadidia ta kwance ɗankwalin da ta naɗe abu a ciki. Littafi ne mai kauri.

Nasser ya fashe da dariya.

"Toshin nan ne? Ana ba budurwa atamfa da turare, ke an ba ki littafin tsutsa!"

Gaskiya ne. Ranar da Issouf ya ba ta, ita ma ta yi fushi. Ƙamus ne na Faransanci, na kalmomin ilimin halittu marasa ƙashin baya: ƙwari, tsutsa, kunama, katantanwa. Ya ce mata, "Kadi tawa, ba kullum zan kasance kusa ba. In kin ga abin da ba ki sani ba, tambayi wannan." Ta jefa shi ƙasan akwati. Sai jiya ta fiddo shi, tare da takardar aikin da ya bari. Karatunta na boko a lakkwal bai yi nisa ba, amma ta bi kalmomin takardar ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, duba zanen nan. Suna ce masa larve. Ɗan ƙwaro ne kafin ya yi fiffike, ba ya kama da uwarsa. Baƙar tsutsar nan 'ya'yan masu ɗigon ja ne. Farar cutar suke ci, ba dabino ba. In aka fesa, an kashe magani an bar ciwo!"

"Takarda ba ta yin dabino," in ji Alkasum.

"To a gwada. Ka ba ni kwana goma."

Ta yanko reshe mai farar cuta da tsutsa shida, ta sa a kwano, ta kife rariya a kai.

Tsohon ya ɗauki kwanon da kansa.

"A ɗakina zai zauna. Ni ke da makulli. Nasser, sauke kayanka."

Kwana huɗu tsutsar na yawo, farin na raguwa. Alkasum na leƙawa kullum. Rana ta biyar duk suka tsaya cak, sun manne a ganye. Ya fito da kwanon tsakar gida. Nasser, da ya zo gaisuwa, ya leƙa.

"Sun mutu! Shi ke nan, Baba. Yau ma zan iya feshi."

Kadidia ta leƙa kwanon. Ta ruga ta ɗauko ƙamus.

"A'a... ga shi! Nymphe. Lokaci ne da ba ya ci, ba ya motsi, yana sake jiki. Littafin ya faɗa, Baba. Saura kwana biyar cikin alkawarinka."

"Yarinyar nan so ya rufe mata ido," in ji Nasser.

"Goma na ce," in ji Alkasum. Ya mayar da kwanon ɗaki.

Rana ta goma, bayan sallar asuba, ya ɗaga rariya. Fatar tsutsa ta tsage. Ƙwaro huɗu cikin shidan na tafiya a kan ganye. Ya jira har hantsi, ɗigon ya fito a bayansu, ja sosai.

Ya ɗauki kwanon ya tafi lambu, ya juye su a kan dabino. Da Nasser ya iso da na'urarsa, tsohon ya nuna masa hanya da sanda.

Issouf ya dawo bayan sati biyu. Ya tarar da Kadidia a zaure.

"An ce kin tsaya gaban feshi saboda ni..."

"Saboda dabino."

"Kadi tawa!"

"To... da kai kaɗan. Amma har yanzu ina jiran atamfata."

Alkasum ya yi gyaran murya daga ciki. Bai ba kowa haƙuri ba, ba halinsa ba ne.

"Issouf, turo magabatanka ranar Juma'a."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Da sharaɗi. Ita na ba ka. Littafin a gidan nan zai zauna."

Kadidia ta ɗago kai.

"Baba, ai ba ka karanta Faransanci..."

"Na sani. Gidan mijinki ba nisa. Duk Asabar ki zo ki karanta mini." Ya juya zai shiga, sai ya tsaya. "Akwai wani abu da ke cin albasa. Da shi za mu fara."