Sunanta Ya Fito, Nasa Bai Fito Ba

A layin tantance masu neman tallafin ƙaro karatu Nazeer ya fara ganinta. Shekarun nan ne da kuɗin mai ke shigowa, hukumomi na ta tura matasa waje yin digiri na biyu. Tun safe ake tsaye a harabar wani ofishi a tsakiyar Abuja. Tana gabansa rungume da fayil, leɓunanta na motsi a hankali kamar mai tilawa.

Da azahar ta yi ta juyo ta roƙe shi ya riƙe mata layi ta je ta yi salla. Ba ta daɗe da tafiya ba aka kira lambarta, aka wuce. Da ta dawo ta ji abin da ya faru, idanunta suka kawo ruwa. Nazeer ya je ya yi ta roƙon ma'aikacin da ke bakin ƙofa, har ya yarda ta shiga a madadinsa, shi ya koma ƙarshen layi.

Bai fito ba sai bayan la'asar. Ya same ta zaune a gindin bishiya tana jiransa.

“Ban iya tafiya ban yi godiya ba,” in ji ta. “Sunana Rukayyat.”

Nan ya ji cewa harhaɗa magunguna ta karanta, kuma mahaifinta, Alhaji Maitama, darakta ne a wata ma'aikatar tarayya. Shi ma bai ɓoye komai ba. Injiniyan gini ne a takarda, amma a zahiri yana shagon tayil na kawunsa, Kawu Nababa, a kasuwar Dei-Dei. Ta yi murmushi ta ce ai injiniya injiniya ne ko a ina yake, sannan ta ba shi lambar wayarta.

Daga ranar wayoyinsu ba su huta ba. Yana tsakiyar lodin kaya a mota saƙonta zai shigo, ya goge hannu a wando ya karanta. Ita take kiransa Injiniyana, shi kuma ya ce mata Sanyin Ido. Sun sha tsara yadda za su tafi tare, su yi karatu a gari ɗaya, su dawo a ɗaura aure.

Da sakamako ya fito, sunanta na ciki, Malesiya za ta tafi. Nasa bai fito ba.

Ta kira shi tana kuka. Ta ce da bai ba ta gurbinsa a layi ba, da bai shiga lokacin da masu tantancewa suka gaji ba. Ya ce ta daina faɗin haka, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Bayan sun ajiye waya ya je ya zauna bayan shago. Sannan ya rubuta mata:

“Sanyin Ido, ki tafi da zuciya ɗaya. Ko yau aka sake jera mu a layin nan, gurbina naki ne. Ni ma zan yi karatun, ko ta wace hanya. Ki dai ajiye min wuri a ranki.”

Kafin ta tafi ya je gaishe da mahaifinta a gidansu. Alhaji ya karɓe shi da mutunci, amma bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce bai ga dacewar 'yarsa mai shirin digiri na biyu da mai tsaron shago ba, ga shi kuma ɗan amininsa, Abdulmajeed, mai aiki a babbar hukuma, ya nuna yana so. Bai ce dole ba. Ya dai bar wa nisa aikin, yana ganin teku da tsawon hanya za su raba su.

Nazeer ya sami gurbi a jami'ar da ke Gwagwalada, karatun ƙarshen mako. Kuɗin makaranta ne ya gagara. Ya je banki, ya ji kuɗin ruwan da za a ɗora, ya fito bai waiwaya ba. Daga ƙarshe Kawu Nababa ya tsaya masa a ƙungiyar 'yan kasuwarsu, suka ba shi rance ba ruwa, a riƙa cira daga albashinsa duk wata.

Rayuwa ta yi masa tsauri. Ranakun aiki yana kasuwa, Asabar da Lahadi yana aji. Ga bambancin lokaci tsakaninsa da Rukayyat: sa'ad da ya tashi daga shago ita ta yi barci, sa'ad da ta farka shi bai tashi ba. Saƙonni suka zama abincinsu.

“Injiniyana, yau an yi ruwa mai ƙarfi a nan. Na tsaya a taga ina kallo, sai na tuna ban taɓa tsayawa da kai cikin ruwan sama ba. Abubuwan da ba mu yi ba sun fi waɗanda muka yi yawa.”

Ya karanta ya sake karantawa a cikin motar Gwagwalada, har kwandasta ya taɓa shi ya ce oga an iso.

Bincikensa a kan yumɓun Ushafa ne, yana so ya gano ko za a iya yin tayil da shi a gida maimakon na waje. Sai ya zama duk ɗan lokacin da ya samu yana can wajen masu ginin tukwane, inda sabis ba ya kamawa sosai. Saƙonninsa suka ragu, suka gajarta.

A daidai lokacin ne Abdulmajeed ya je taro Malesiya, ya biya ya kai wa Rukayyat saƙon gida. Cikin hira ya ce, kamar bai damu ba, an ce mutuminta ya tare a Ushafa wajen wata Lucy, duk Dei-Dei an sani.

Ba ta tambayi Nazeer ba. Ta haɗa maganar da shirun da take gani, ta yanke hukunci. Ta daina ɗaga wayarsa, ta daina amsa saƙo. Ta duƙufa kan karatu, amma ko a ɗakin karatu take, da wayar ta yi motsi sai gabanta ya faɗi.

Watanni suka shuɗe. Shi bai san laifinsa ba, bai kuma daina rubutu ba.

“Ban san me na yi ba, Sanyin Ido. In fushi ne, ki faɗa min in ba da haƙuri. In kuma kin canja ra'ayi, ki faɗa min in koyi haƙuri. Shirun nan ne ba na iyawa.”

Ta kammala ta dawo Abuja. Kwana kaɗan da dawowarta ta ɗauki motar gida ta nufi Ushafa, don ta ga Lucy ɗin nan da idonta. Aka nuna mata wata rumfa. Ta tarar da dattijuwa mai furfura, hannu duk yumɓu, jikoki na wasa a gefenta.

Da ta faɗi sunanta, dattijuwar, Mama Lucy, ta ajiye tukunyar da take ginawa.

“Ke ce Rukayyat? Wannan yaro ya cika mana kunne da sunanki. Yana can bayan murhu, ya rame kamar sanda.”

Ta zagaya. Yana durƙushe yana jera gwajin tayil ɗinsa. Ya ɗago ya gan ta, ya miƙe a hankali. Ita ce ta fara magana, ta faɗa masa duk abin da aka gaya mata, tana share hawaye da gefen mayafi.

“Da kin tambaye ni,” ya ce.

“Na ji tsoron amsar.”

Da ta koma gida ta sami mahaifinta a falo, ta durƙusa. Alhaji ya ce ya ji labarin yaron har bashi ya ci don ya yi karatu, da me zai riƙe iyali?

“Abba, ni gwamnati ta biya min komai, har tikitin jirgi,” ta ce. “Shi da guminsa ya biya, kuma bai daina ba. In ana neman wanda zai iya riƙe amana, ban san wanda ya fi shi ba.”

Bayan kwana biyu Alhaji ya sa direba ya kai shi Dei-Dei, ya zauna da Kawu Nababa da shugabannin ƙungiya. Suka shaida masa ko sau ɗaya Nazeer bai taɓa saɓa biyan rancen wata-wata ba. Da aka kira Nazeer, ya ce akwai sauran biya, kuma ba ya son a sa rana sai ya sauke nauyin. Alhaji ya dube shi ya jinjina kai, ya ce ya turo magabatansa.

Sai da suka ƙara jiran wani lokaci, amma jiran gari ɗaya daban yake da wancan. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. 'Yan kasuwar Dei-Dei suka cika masallaci, Mama Lucy ta zo da matan Ushafa ɗauke da tukwanen amarya.

Da za a kai ta, Alhaji Maitama ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a na Nazeer.

“Na so in raba ku, Allah bai nufa ba, kuma na gode masa da bai biye min ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya sa ilimin nan ya amfani jama'a.”

Duk gidan ya amsa da amin.