Jakar Tagwaye

Rana ta take tsaka, kasuwa ta yi zafi kamar bakin murhu, ga Amarya durƙushe a gaban tulin kayan gwanjo tana tonawa da hannu biyu, cikinta na wata bakwai ya tokare mata ƙirji har numfashi sai ta yi da gaske. Shekara uku da aurenta, amma har yau Amarya ake kiranta a gidan. Ba da safe take zuwa kasuwa ba, ina! Da safe ake fasa dila, wato sabon ƙunshin kaya, masu hali su yi zaɓen farko su kwashe masu kyau. Ita sai an watse take lallaɓowa ta tsinci abin da aka bari, wanda maɓallinsa ya cire, wanda madara ta yi wa tabo a wuya, wanda ɗinkinsa ya warware a hammata. Ta kai gida ta wanke, ta ɗinke, ta goge, sai ka rantse daga leda aka fito da shi.

Mai gwanjon wata dattijuwa ce mai yawan tsiya da taushin zuciya. Ranar nan ta lura idon Amarya ya yi ja, ta tambaye ta wa ya taɓa ta. Amarya ta sunkuyar da kai ta ce daga asibiti take, an yi mata hoton ciki an ce biyu ne, kuma Sista mai awo ta karɓi takardar jerin kayan haihuwa ta ninka komai: safar hannu, auduga, robar shimfiɗa, tawul, riguna, huluna. Amarya ta ce na ɗaya ma bai kammala ba, ina za ta sa kanta da na biyu? Mai gwanjo ta tuntsire da dariya ta ce ita ba ta taɓa ganin wadda aka yi wa kyauta biyu ta zo tana kuka ba. Ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur, cike da 'yan riguna mitsi-mitsi waɗanda babu mai saye, don jariri ɗaya sati biyu ya fi ƙarfinsu. Tagwaye kuwa ƙanana suke zuwa, in ji ta, don haka ta zaɓa biyu-biyu ta ba da abin da ya samu.

Allah sarki Amarya! Marainiya ce, gwaggonta ce ta raine ta a ɗaki guda da sana'ar wankau. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku yana hanya. Mutum ne mai kirki, amma yana da rauni ɗaya: yayarsa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, aurenta ya mutu ta dawo gidan ta zauna daram, kuma in Yaya ta ce baƙi fari ne, to Direba zai ce shi ma haka ya gani. Duk abin da zai turo na hidimar ciki ta hannun Yaya yake bi, ita kuma sai ta tsakuro ɗan abin da ta ga dama ta miƙa wa Amarya tana yatsina, ta ce kasuwar mota ta mutu. Amarya ba ta taɓa ɗaga waya ta kai ƙara ba. Sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida tana yi wa matan unguwa kitso, ƙafafunta a kumbure, bayanta kamar zai tsinke, da haka take cike gurbin.

Sannu a hankali jaka ta cika. Yau safar hannu, jibi sabulu, wani satin tawul biyu. Ranar da ta ja zif ɗin ya rufe da ƙyar, zama ta yi a bakin gado ta rungume jakar tana hawaye tana godiya ga Allah. A nan ne kuma ta yi kuskuren da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Rufin ɗakinta yana yoyo, ga ɓeraye sun taɓa cinye mata gefen tawul, ɗakin Yaya kuwa akwai kabad mai mukulli. Da ƙafarta ta ɗauki jakar ta kai, ta durƙusa ta roƙi Yaya ta adana mata. Yaya ta buɗe ta dudduba, ta yi wani murmushi, ta ce ai babu komai, gida ɗaya ne. Da Amarya ta san abin da ke cikin murmushin nan, da ta gwammace ta kwana tana riƙe wa jakar lema.

A asibitin da take awo akwai ƙa'ida: mace ta shiga wata takwas sai ta kawo jakarta Sista ta duba ta sa hannu a kati. Da safiyar ranar dubawa Amarya ta yi sallama a ƙofar Yaya ta ce ta zo karɓar ajiya. Yaya tana shafa mai a ƙafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wace ajiya?"

Amarya ta ɗauka wasa ne, har ta yi 'yar dariya. Yaya ta miƙe ta buɗe kabad ɗin wayam, ta ce ta shigo ta duba da idonta, in kuma sata take son laƙa mata to ta fito fili ta faɗa. Amarya ta leƙa, babu jaka babu alamarta... Wata uku na durƙuso a rana, wata uku na kitso har yatsunta suna sanƙarewa! Ta je asibiti hannu wofi, Sista ta yi mata tatas a gaban mata, ta ce masu ciki ɗaya sun kammala, ita mai biyu tana yawo da kati kawai.

Kwana biyu bayan haka Direba ya dawo, Yaya ta riga ta cika masa kunne tun a waya. Ta ce duk abin da ya turo ta damƙa wa matarsa, amma ko tsinken allura ba ta saya ba, gidan gwaggonta take kwasa tana kaiwa, yanzu asiri ya tonu shi ne ta ƙirƙiro zancen jaka. Ta fashe da kuka ta ce ita da ta goya shi yau an mai da ta ɓarauniya a gidan ubanta. Amarya ta rantse, ta lissafo masa kayan ɗaya bayan ɗaya, ta roƙe shi su je wajen mai gwanjo ya ji da kunnensa. Ya ce shi ba zai je kasuwa ya tona wa kansa asiri ba.

"Na ɗauka maraici ya koya miki tsoron Allah," in ji shi, "ashe kwaɗayi ya koya miki. Ki tafi wajen wadda kike kai wa, ta haɗa miki kayan."

Amarya ta miƙe ta shiga ɗakinta. Ta ɗaure zannuwanta biyu a ɗankwali ta fita, tana tafiya tana hutawa a bakin shaguna, hawaye na zuba ba ta ko gogewa. Gwaggo ta tare ta ta rungume, ta ce Allah yana gani, ita dai ta ci abinci saboda na cikinta.

Ba a yi sati ba naƙuda ta taso, saura wata guda lokaci ya yi. Da hantsi suka isa asibiti, babu jaka, babu auduga, babu ko hula ɗaya. Sista ta yi faɗa kamar za ta ari baki, amma ta karɓe ta. Wata mai jego ta ba da ragowar safar hannunta, wata ta ba da auduga. Aka haifi 'yan mata biyu, ƙanana kamar 'yan tsaki. Gwaggo ta kwance zanen jikinta na sama ta raba shi biyu da haƙori, a ciki aka naɗe su. Ɗayar ba ta iya riƙe ɗumin jikinta, sai aka sa ta a kwalbar ɗumama jarirai. Gwaggo ta karɓi wayar Amarya ta kira Direba har sau uku, yana gani ya ƙi ɗauka. Amarya ta juya fuskarta bango tana kuka mara sauti, abin da kawai take maimaitawa shi ne Allah ya raya mata su, ya kuma wanke ta ko bayan ranta ne.

To, Yaya tana da 'ya guda, Auta, tana aure a wata unguwa, ita ma ta haihu a satin. Namiji ta samu, ƙato tubarkalla. Direba ya je dubo jariri da yamma, ya tarar ɗaki cike da mata har da uwar mijin Auta, Yaya tana hakimce ana yaba mata irin kayan da ta haɗo wa jikanta. Auta kuwa yarinya ce marar ɓoye-ɓoye. Tana ganin kawunta ta jawo wata jaka tana dariya ta ce ya zo ya raba su da Umma, don ita ba ta taɓa ganin irin wannan sayayya ba. Ta riƙa zaro kaya tana jerawa a kan gado: riga da 'yar'uwarta, hula da 'yar'uwarta, tawul biyu, safa ƙafa huɗu.

"Kawu, dubi don Allah, komai biyu-biyu, kuma ko hannunsa ba ya shiga. Sai ka ce tagwaye aka ce mata zan haifa!"

Dariyar ɗakin ta mutu a hankali, don kowa ya ga yadda fuskar Direba ta canza. Ya ɗauki wata 'yar riga da ba ta fi tafin hannunsa ba, ya juya ta, ya ga ɗinkin hannu a hammata. Ya zura hannu a aljihun gefen jakar ya zaro takarda a ninke, jerin kayan asibiti ne, da lambar katin matarsa, an rubuta "tagwaye" a sama. Yaya ta fara kame-kame, wai aro ta yi, wai da ma za ta mayar. Auta ta dafe kai ta fashe da kuka ta ce ashe kayan Anti Amarya aka sato aka kawo mata. Uwar mijin Auta ta miƙe ta ce jikanta ba zai sa kayan zalunci ba, kuma Yaya ta fita mata daga gida kada ta sake takowa. Direba bai ɗaga murya ba. Ya gaya wa yayarsa cewa goyon da ta yi masa ba zai manta ba, ci da sha ba zai yanke mata ba, amma ta gama zama gida ɗaya da iyalinsa. Haka Yaya ta fito tana jan mayafi, ta ƙare a wani ɗakin haya can bayan gari, 'yar da ta yi satar dominta ma ta daina ɗaga mata waya.

Washegari da sassafe, bayan ya bincika ya ji ta haihu, ya isa asibiti rungume da jakar. Sista ta tare shi a ƙofa ta ƙare masa kallo, ta ce kayan da suka yi yawo a hannun mutane ba za su taɓa jikin bakwaini ba sai an wanke. Aka ga ƙaton direba tsugune a bakin famfon asibiti yana cuɗa 'yan riguna ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga cikin kumfa. Kowace riga ya ɗaga sai ya ga inda aka ɗinke, inda aka sa sabon maɓalli, sai ya tuna kalmar da ya gaya mata, ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Kaico! Da ya ɗauki wayar nan, da ya taka zuwa kasuwar nan...

Da ya shiga ɗakin, Gwaggo ta kau da kai ta fita. Amarya tana zaune ta rame sai ido, an fito da ƙaramar daga kwalba a safiyar, su biyun suna kwance a gefenta. Ya zube a gaban gadon ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce ya cuce ta, ya ce ba shi da bakin magana, ya ce ya riga ya sa a gyara rufin ɗaki kuma daga yau komai a hannunta zai riƙa sauka. Amarya ta ce ta yafe masa, ita ma ta yi nadamar shirun da ta riƙa yi tun farko tana ganin haƙuri ne.

Ya share fuska ya matso ya leƙa 'ya'yansa. Kwanansu shida a duniya, ma'aikatan asibiti duk sun san su, mai shara ma tana iya bambance su. Ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Amarya... wace ce babbar?"

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan ta dama. Sai kukan da yake ta dannewa ya ƙwace masa, har matan da ke sauran gadajen suka sunkuyar da kai.